SUNA KO MUTUNCI: DA ME AKE CIN NASARA A FAGEN SIYASA DA WATSA LABARAI?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam Ya sanar da shi magana, kuma Ya wakilta masa mala'iku masu rubuta duk abin da ya furta. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka yi wa laƙabi da Amintacce tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, akwai wata tambaya da samarinmu suke yawan jefa wa junansu a fada idan shayi ya hau wuta, dattawa ma sukan taɓa ta a ƙofar masallaci bayan La'asar, tun daga Tasawa har Mayahi, daga Urafan har Kanan Bakashe. Tambayar kuwa ita ce: da me mutum yake cin nasara idan ya shiga harkar jama'a, ko ya zama ɗan siyasa, ko mai magana a gidan rediyo, ko kakakin wata ƙungiya? Shin mai gaskiya yana iya kai labari a wannan fage, ko kuwa dole sai ya ajiye tsoron Allah a bakin ƙofa kamar yadda ake ajiye takalmi? Wannan tambaya ba ƙarama ba ce. Idan amsar ita ce mai gaskiya ba shi da rabo, to ɗayan biyu zai faru: ko dai ƴaƴanmu na kirki su guje wa fagen su bar shi ga waɗanda ba su jin kunyar kowa, ko kuma su shiga su zama irinsu. Kowanne daga cikin biyun asara ce ga al'umma.

YADDA BAKI YA BUƊE

Waɗanda suka manyanta a cikinmu sun san lokacin da murya ɗaya ce kawai ake ji daga cikin ƙasa, wato Muryar Sahel, sai kuma tashoshin waje irin su BBC da Muryar Jamus ga mai akwatin rediyo mai gajeren zango. A shekarar 1990 al'amura suka soma sauyawa. A ranar 9 ga Fabrairu aka harbi ɗalibai a gadar Kennedy da ke Yamai. A cikin shekarar jaridar Haske ta fito a matsayin jarida mai zaman kanta. Kafin shekarar ta ƙare Janar Ali Saibu ya amince da kafa jam'iyyu da yawa. Daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 aka yi Babban Taron Ƙasa, mutane suka ji da kunnuwansu ana tuhumar manya a bainar jama'a. A tsakiyar shekarun 1990 gidajen rediyo masu zaman kansu suka buɗe, irin su Anfani, daga 1999 kuma rediyon karkara suka soma bazuwa. A watan Yuli na 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, garuruwa irin su Korgom da Hawandawaki da Isawan da Atantane suka samu kansiloli da magadan gari. Daga baya wayar salula ta zo, yau ga shi duk wanda ke da WhatsApp ya zama gidan rediyo shi kaɗai.

Gaskiya ne bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rushe majalisun ƙananan hukumomi a 2024, an kuma rushe jam'iyyu a watan Maris na 2025. Amma kada wani ya ce tambayar ta mutu. Muddin akwai shugaba da talaka, da mai ba da labari da mai saurare, da kwamitin rijiya da na makaranta da na rumbun tsimi, to harkar jama'a tana nan, kuma gwajin da ke cikinta yana nan.

AMSAR DA KASUWA TAKE BAYARWA

Idan aka tambayi wanda ya goge a wannan fage, sau da yawa zai lissafa abubuwa huɗu. Na farko baki: ka iya magana, ka iya ba'a, ka iya mayar da fari baƙi. Na biyu kuɗi: atamfa da sukari da sabulu da jika guda a tafin hannu. Na uku ubangida: ka samu babban da za ka raɓa, ka yabe shi da safe ka zagi abokin hamayyarsa da yamma. Na huɗu bushewar ido: abin da ka faɗa jiya ka musanta shi yau ba tare da ƙifta ido ba.

Ba za mu yaudari kowa da cewa waɗannan abubuwa ba su aiki ba. Suna aiki. Sun ɗora mutane a kan kujeru, sun gina benaye, sun sayi motoci. Abin da ya kamata mu tsaya mu auna shi ne sunan da za a ba abin da suke haifarwa. Shin nasara ce, ko kuwa jinkirin faɗuwa ne? Hausawa sun ce ƙarya fure take ba ta ƴaƴa. Furen kuwa yana da kyau a ido, shi ya sa yake ruɗin yara.

KABURBURAN MAIJIRGI

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A Maijirgi, nan kusa da Tasawa, akwai kaburburan sojojin Faransa guda biyu, Kaftin Vule da Kaftin Shanuwan. Kafin su iso ƙasar nan sun riga sun yi suna a ƙasarsu saboda cin Wagadugu da ƙasar Mosi a 1896, kuma mahaifin ɗayansu babban janar ne da ya riƙe muƙamin ministan yaƙi. Wato suna da ƙarfi, suna da ubangida, suna da suna, kuma su ne suke rubuta rahoton abin da suke aikatawa. A 1899 suka ratso ƙasar Hausa suna ƙona garuruwa suna kashe bayin Allah. Abin da suka yi a Birnin Ƙonni har yau ba a manta ba. Sun ɗauka babu mai ji, tun da alƙalami yana hannunsu. Sai ga shi wasiƙar wani ƙaramin hafsa da suka kora daga cikin ayarin ta kai labarin Faransa. Aka turo Kanar Kulob ya bi sawunsu, yana tafe yana ganin kufai da gawarwaki. Ya cim musu a Dankori ranar 14 ga Yuli 1899, Vule ya sa aka harbe shi. Ba a yi kwana huɗu ba sojojinsu da kansu suka juya musu baya suka kashe su duka biyun.

Abin lura a nan shi ne duk kayan aikin da kasuwa take lissafawa suna hannun mutanen nan, amma takarda ɗaya mai ɗauke da gaskiya ta fi ƙarfin rahotanninsu duka. Yau manomi yana wucewa ta gefen kaburburan da hauyarsa a kafaɗa, babu mai yi musu addu'a. Suna dai sun yi shi, tun da ga shi muna ambatonsu bayan shekara fiye da 120. To wane mai hankali ne zai so irin wannan suna? Daga nan za mu gane suna daban, mutunci daban. Suna shi ne a san ka. Mutunci shi ne a amince maka. Fir'auna ma an san shi.

Alƙur'ani mai girma ya yanke mana ma'anar nasara. A Suratu Ali Imrana, aya ta 185, Allah Ya bayyana cewa wanda ya rabauta shi ne wanda aka nisantar da shi daga wuta aka shigar da shi Aljanna, sauran rayuwar duniya kuwa jin daɗi ne mai ruɗi. A Suratul Ahzab, aya ta 70 da 71, Ya haɗa tsoron Allah da faɗin magana madaidaiciya, Ya yi alkawarin gyaran ayyuka da gafara, sannan Ya ambaci babban rabo. Ku duba, ƴan'uwa, yadda aka ƙulla babban rabo da gyaran harshe. Mai aikin magana, ɗan jarida ne ko ɗan siyasa, wannan aya tasa ce kafin ta kowa.

GWAJIN SHEKARAR 2005

Magana mai daɗi kowa yana iya yinta lokacin kaka. Ana gane mai gaskiya ne idan rumbu ya ƙare. Daminar 2004 ta yi gardama, fara ta sauka a wasu wurare, sai hatsi ya yi tashin da ba a saba gani ba. Zuwa tsakiyar 2005 buhun gero ya kusa jika 30 a wasu kasuwanni. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum fiye da miliyan 3 suna cikin ƙarancin abinci. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a shekarar, mafi yawansu a jaharmu ta Maraɗi. Iyaye mata na ƙasar Tasawa da Mayahi ba su buƙatar a ba su labari. Su ne suka goya yaran.

A wancan lokaci gwamnati ta daɗe tana tsaye a kan sayar da hatsi da rahusa maimakon rabawa kyauta, alhali mutane da yawa ko rahusar ba su da abin saye. A watan Agusta Shugaba Tanja Mamadu ya shaida wa BBC cewa ba yunwa ake yi ba, yana ganin ana zuzuta lamarin ne don wata manufa. A 2006 kuma aka janye wa wasu ma'aikatan BBC izinin ɗaukar rahoto a kan yunwa. Shugaba Tanja ya rasu a watan Nuwamba na 2020, muna roƙon Allah Ya jiƙansa; azuzuwan makaranta da ɗakunan shan magani da ya gina a karkara shaida ne a gare shi, kuma ba mu ambaci wannan don cin naman mamaci ba. Adalci ma ya sa mu faɗa cewa fushinsa yana da tushe ta wani ɓangare, domin akwai baƙin da suka mayar da hoton ƴaƴanmu jari, suka nuna mu kamar mutanen da ba su san komai ba sai bara. Amma kishin martabar ƙasa ba ya ƙosar da yaro. Martabar da za a saya da ɓoye ciwo, ciwon ne zai cinye ta.

Da ƙarancin abinci ya sake dawowa a 2010, hukumomin riƙon ƙwarya na lokacin suka fito tun da wuri suka faɗi halin da ake ciki suka nemi taimako, kuma babu wanda ya ce ƙasa ta wulaƙanta saboda haka. Tun kafin nan ma tarihi ya yi gargaɗi: daga cikin dalilan da sojoji suka bayar na kifar da gwamnatin Jori Hamani a watan Afrilu na 1974 akwai yadda aka tafiyar da al'amarin fari da kayan agaji.

Mu kwatanta da Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, a Shekarar Toka, wato shekara ta 18 bayan Hijira, lokacin da fari ya afka wa Madina da kewaye. Bai musanta ba, bai hana a faɗa ba. Ya rubuta wa gwamnoninsa yana neman ɗauki a fili, ya haramta wa kansa man shanu da nama har sai talakawa sun samu, har launin jikinsa ya sauya. Shekara fiye da 1,400 ke nan, amma har gobe idan ana neman misalin shugaba sunansa ake fara kira. Wannan ita ce nasarar da ba ta buƙatar maroƙi.

SHARUƊƊA BIYU: ƘARFI DA AMANA

To, da me ake cin nasara ta gaskiya? Alƙur'ani ya ba mu ma'auni a wurare biyu. A Suratul Ƙasas, aya ta 26, ƴar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa aiki saboda siffofi biyu: ƙarfi da amana. A Suratu Yusuf, aya ta 55, Annabi Yusuf ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kafa hujja da cewa shi mai tsarewa ne kuma masani. Ma'aunin ɗaya ne: iya aiki da riƙon amana.

Ƙarfi a nan yana nufin sani da ƙwarewa. Wanda yake so ya wakilci mutanen Gulbin Kaba dole ya san rigimar manomi da makiyayi a kan burtali, ya san yadda ake raba gado har gona ta koma kamar tabarma, ya san abin da ke kora samari zuwa Kano da Libiya da Aljeriya bayan girbi, ya iya karanta kasafin kuɗin ƙaramar hukuma. Wanda yake so ya riƙe makirufo dole ya iya tambaya, ya iya sauraro, ya iya Hausar da tsohuwa a ƙauye za ta fahimta. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, nauyin da ke kan masu magana da ita ya ƙaru. Kada mai ibada ya ɗauka yawan nafila zai maye gurbin sani. Abu Zarri, Allah Ya yarda da shi, babu mai shakkar gaskiyarsa da gudun duniyarsa, amma da ya nemi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ba shi muƙami, sai ya nuna masa cewa yana da rauni, kuma muƙami amana ce da take zama wulaƙanci da nadama ranar Ƙiyama, sai ga wanda ya karɓe ta da haƙƙinta ya kuma sauke nauyinta. Imam Muslim ya ruwaito wannan.

Wani zai ce: ai an hana neman mulki, kamar yadda ya zo a hadisin Abdurrahman ɗan Samura, to ina mai tsoron Allah ina tsayawa takara? Malamai sun warware wannan da ƙissar Annabi Yusuf. Abin zargi shi ne kwaɗayin mulki don girma da dukiya. Amma wanda ya san yana da iko da aikin, ya kuma ga idan ya ja baya haƙƙin mutane zai tozarta, to fitowarsa ba laifi ba ce, wani lokaci ma wajibi ce. Saboda haka masallaci ba wurin ɓuya ba ne daga hidimar jama'a.

Amana kuwa tana da rassa, ga kaɗan daga cikinsu.

Ga mai watsa labari, reshe na farko shi ne bincike. Suratul Hujurat, aya ta 6, ta umarce mu da mu tabbatar da labari kafin mu cutar da wasu mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Manzon Allah ya nuna cewa ya ishi mutum zama maƙaryaci ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. A cikin hadisin mafarki mai tsawo da Bukhari ya ruwaito daga Samura ɗan Jundubi, an nuna masa azabar mutumin da yake fita da safe ya yi ƙarya guda ta bazu ko'ina cikin duniya. A zamanin raƙumi ana mamakin yadda ƙarya ɗaya za ta kai haka. Yau saƙon murya ɗaya da aka ɗauka a Mayahi da hantsi yana isa Makka kafin Azahar. Magana zarar bunu ce. Reshe na biyu adalci ga abokin hamayya, domin Suratul Ma'ida, aya ta 8, ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu ƙi yi musu adalci. Reshe na uku tsare hannu. Abin da ake miƙawa bayan taro da sunan kuɗin mai ko goro, idan shi ne zai sauya abin da za a faɗa, to sunansa cin hanci ko da an naɗe shi a cikin ambulan mai tsabta. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mun san albashin ma'aikatan ƙananan gidajen rediyo ba ya kai wata, wasu ma aikin sa kai suke yi. Wannan hujja ce a kan masu gidajen da kuma al'ummar da take cin moriyarsu, amma ba ta halatta sayar da gaskiya ba.

Ga ɗan siyasa da duk mai riƙe da muƙami, reshe na farko shi ne auna alkawari. Suratus Saffi, aya ta 2 da 3, ta yi kakkausan gargaɗi ga masu faɗin abin da ba su aikatawa, saɓa alkawari kuma yana cikin alamomin munafuki. Gara ka ce rijiya ɗaya ka haƙa ta da ka ce goma a ga ƙura. Na biyu buɗe ƙofa. Shehu Magili, a cikin nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi ta nanata illar shugaban da yake ɓoye kansa daga talakawansa. Na uku nisantar masu fadanci, domin Manzon Allah ya yi umarni da a watsa ƙasa a fuskar masu yawan yabo. Ba a mugun sarki sai mugun bafade. Na huɗu, wanda ya fi kowanne wuya, sanin lokacin sauka. Tazarce ta 2009 ta zo da gangami da kiɗa da ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta, amma ba ta kai wata bakwai ba ta ƙare a ranar 18 ga Fabrairu 2010.  Idan ganga ta cika zaƙi, fashewa za ta yi.

TO IDAN MAI GASKIYA YA FAƊI FA?

A nan ne tambayar take da ƙaya, kuma ba za mu kauce mata ba. Sau da yawa mai gaskiya yana faɗuwa zaɓe. Sau da yawa ɗan jarida mai tsare hannunsa yana tsufa a kan tsohon babur, abokinsa mai fadanci yana wuce shi da mota. Wani ma gaskiyar tana kai shi gidan kaso. Duk wanda ya ce wa samari gaskiya kullum tana biya a nan duniya kuma nan take, ya faɗa musu abin da idonsu zai ƙaryata.

Amsarmu kashi biyu ce. Kashi na farko: kujera ba ita ce ma'auni ba. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa mutum uku da za a fara yi wa hukunci ranar Ƙiyama su ne mayaƙi da malami da mai kyauta, waɗanda suka yi aikinsu don a faɗa, kuma aka faɗa. Sun sami abin da suka nema, ladansu ya ƙare a bakin mutane. Uwar Muminai A'isha ta rubuta wa Mu'awiya nasiha cewa wanda ya nemi yardar Allah ko da mutane za su yi fushi, Allah zai isar masa. Wanda kuwa ya nemi yardar mutane da fushin Allah, za a bar shi da mutanen. Wanda aka bar shi da mutane kuwa ya shiga uku, domin masu tafi yau su ne masu jifa gobe. A nan duniya ma mai gaskiya yana da jarin da ba a ƙwacewa da juyin mulki: idan aka rasa wanda za a damƙa wa kuɗin masallaci, ko wanda zai raba gardamar iyakar gona, ƙofarsa ake bugawa.

Kashi na biyu: kasuwar ƙarya ba ta ci sai da masu saye. Idan mai jefa ƙuri'a ya sayar da ita a kan turmin atamfa, ya ba ɗan takara hujjar ya mayar da kuɗinsa daga baitulmali. Idan mai saurare ya fi son shirin da ake zage-zage a kan shirin da ake bayanin taki da iri, ya koya wa gidan rediyo abin da zai sayar. Suratun Nur, aya ta 15, ta zargi waɗanda suka riƙa karɓar ƙazafi da harsunansu suna yaɗawa suna zaton abu ne mai sauƙi, alhali a wurin Allah babba ne. Ba wanda ya ƙirƙira kaɗai aka zarga ba. Don haka nasarar mai gaskiya tana hannun jama'a fiye da yadda jama'a take zato.

Kuma ƙasarmu tana da shaidar cewa aikin haƙuri yana cin nasara ba tare da lasifika ba. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, gonakinmu sun zama fili fetal. Sai manoman jahar Maraɗi suka rungumi sassabin zamani, wato barin tohon gawo da kalgo da sabara a gona ana gyara shi maimakon a tumɓuke. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Masu bincike sun ƙiyasta an farfaɗo da wajen eka miliyan 5 ta ma'aunin hekta a jahohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa kusan miliyan 200, har duniya tana zuwa koyo. Babu jam'iyyar da za ta ce ita ta yi, kuma yawancin waɗanda suka yi ba a san sunayensu ba. Gani ya kori ji. Mutanen da suka yarda da abin da idonsu ya gani a gona, za su iya yarda da shugaban da aikinsa ya riga bakinsa.

KIRA GA MALAMAI DA JAMA'AR MASALLACI

Malamai su ma masu magana da jama'a ne, kuma mumbari ya fi kowane makirufo nauyi. Malamin da ya mayar da mumbari wurin tallar wani, ranar da wancan ya faɗi tare za su faɗi, kuma mutane za su ɗora wa addini laifin da ba nasa ba. Aikin malami nasiha ce ga shugabanni da talakawa baki ɗaya, cikin hikima da tausasa harshe kamar yadda aka umarci Annabi Musa da Haruna, ba tare da fadanci ba kuma ba tare da tayar da fitina ba.

Ku kuma iyaye, idan ɗanku ya nuna sha'awar aikin jarida ko hidimar jama'a, kada ku ce masa fagen ƴan iska ne. Ku sa shi ya yi karatu ya ƙware, ku sa ya riƙe sana'ar da zai ci abinci da ita don kada yunwa ta sayar da harshensa, ku kuma daina auna shi da abin da ya kawo gida. Iyalin da suke yi wa ɗansu gori don ya riƙe muƙami bai yi gini ba, su ne suka fara tura shi ga haram. Ku samari, kafin ku tura saƙo ku tambayi kanku: na tabbatar? Yana da amfani? Zan iya maimaita shi a gaban wanda aka ambata? Idan ɗaya ta gaza, ku bar shi ya mutu a wayarku.

Muna roƙon Allah Ya gyara harsunanmu da zukatanmu, Ya shugabantar mana da masu tsoronSa masu tausayinmu, Ya ba masu faɗin gaskiya haƙuri da kariya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu. Allah Ya sa mu cika da imani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.